Bindigogin da Dogo Ya Bari

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Malama da yara, ya kuma ba ka sauƙin ciwon gwiwar da ka ce yana damunka. Mu a nan jiki lafiya yake. Maman Dogo ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, ƙanwarsa Lauya kuma ta koma bakin aiki. Na ga duk kiran da ka yi, ka yi mini afuwa da ban ɗauka ba. A waya mutum yakan faɗi abin da ya zo bakinsa, ni kuwa ina so ka sami labarin a tsare, daga wurina, sau ɗaya.

Dogo ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, a gonar tumakin da yake yi wa aikin likitan dabbobi. Shekararsa talatin da ɗaya. Wasu karnuka da suka zama na daji sun daɗe suna kashe 'yan raguna a makiyayar, sai mai gonar ya roƙe shi ya taimaka, tunda shi ne mai lasisin riƙe bindiga. Ya hango su daga nesa, ya ɗura harsashi, ya buɗe ɗan maɓallin da ke kulle kunama. Kafin ya saita sai suka gangara bayan tudu. Ya bi su har ya isa shingen waya mai ƙaya, ya jingina bindigar da ginshiƙi, ya tsallaka, sannan ya miƙa hannu ya jawo ta ta baki. Kunamar ta maƙale a ƙayar waya. Harsashi ɗaya ne, ya shiga ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Makiyayin da ke can ƙasa ya ji ƙarar, ya ɗauka an sami kare ne, har ya yi murna. Likitan asibiti ya ce bai sha wahala mai tsawo ba, na kuma karɓi maganarsa. Mun yi masa sutura washegari. 'Yan sanda sun kammala bincike, sun ce hatsari ne, babu hannun kowa. Na karanta rahotonsu kamar yadda na saba karanta rahoton gada idan ta rushe, ban ga kuskure ba sai a lambar ƙirar bindigar. Na nuna wa jami'in da ya rubuta, ya gyara, ya yi ta kallona.

Akwai tambayar da ka yi mini tun farkon shekara, lokacin da ka koma gefen gari kana kiwon kaji, dila kuma ya addabe ka. Ka tambaye ni wace irin bindiga ya kamata ka saya, tunda ni ne masanin gidanmu a wannan fanni. Bayan rasuwar ka aiko a ce mini in manta da maganar. Na gode da tausasawar, amma zan amsa, domin ba ni kaɗai ke da amsar ba. Sai dai ka yi haƙuri in ɗan koma baya.

Za ka tuna bindigata ta farko, wadda na saya lokacin da aka tura ni aikin madatsar ruwa. Abin da na nema a shagon shi ne wadda ta fi kowace girma da ƙara. Na same ta kuwa. Duk harbi ɗaya sai ta bar mini shaida a kafaɗa, har Maman Dogo takan ce wannan bindiga gaba da baya take harbi, ba ta san wanda ya fi shan wuya ba tsakanin ni da zabuwa. A lokacin da wani zai ce mini na yi kuskure, da mun ɓata. Da na shiga kulob ɗin harbi sai na fara jin kunyarta. Na sayar, na sayi siririya mai madubin hange, na shiga sahun masu zama a inuwa suna gardama kan nauyin harsashi da karkatar iska. Na daɗe a wannan hali, kuma a ganina na kai ƙarshen sani.

Akwai tsohon da ke gyara mana bindigogi a wani ɗan shago bayan kulob. Muna kiransa Kafinta, domin da ƙotar katako ya fara kafin ya koyi ƙarfe. Shi ne ya taɓa ce mini yana gane daɗewar mutum da bindiga daga tambayar da ya shigo da ita. Sabon shiga yakan tambayi nisan da take kaiwa, wanda ya ɗan iya kuma sai ya ce a sassauta masa kunama. Tsofaffi kuwa, in ji shi, ba sa zuwa sai don shan shayi da tambayar ko akwai mai son saye. Na yi dariya a ranar. Ban kai ga sayarwa ba, amma da gemuna ya fara fari sai na sami kaina ina komawa ga mai baki biyu, irin wadda ake karyawa a tsakiya. Nauyi gare ta, ba ta kai nisa, kunamarta kuma sai ka ja da niyya. Abin da nake so a jikinta shi ne idan ka karya ta ka ɗaga, kana ganin hasken rana ta cikin bakunan biyu, ba sai ka dogara da tunaninka ba. Ita na ba Dogo ranar da ya sami lasisinsa.

Ba ka ga Dogo a shekarunsa na farko a kulob ba. Tsoron bindiga yake yi, tsoro mai kyau. Yakan karya ta ya leƙa, ya rufe, ya sake karyawa ya leƙa, har abokaina suka riƙa zolayarsa cewa kafin ya yi harbi tsuntsun zai mutu da tsufa. Idan muka zo shinge sai ya cire harsasai ya zuba a aljihu, ya kwantar da ita a ƙasa bakinta na kallon gefe, ya tsallaka, sannan ya ɗauko ta ta gindi. Haka ake koya wa kowa a makon farko, kuma haka ya yi shekara da shekaru. Daga baya hannunsa ya faɗa. Ya fi ni saiti nesa ba kusa ba, ya fara cin gasa, ya soma kiran mai baki biyun sandar kaka. Ya sayi tasa mai madubi ya kai wa Kafinta a sassauta kunama. Tsohon ya rage kaɗan, ya ce daga nan ba zai ƙara ba ko da za a ba shi kulob ɗin kyauta. Dogo ya yi dariya, ya tafi gida ya ƙarasa aikin da kansa. Ka san hannunsa, hannun da ke ɗinke jijiyar ɗan rago ne. Aikin ya yi kyau ƙwarai, duk wanda ya taɓa kunamar a kulob sai da ya yaba. Masanin 'yan sanda ya auna ta ya ce ƙasa da rabin kilo take buƙata ta tashi, alhali daga masana'anta wajen kilo biyu ne. Na tambaye shi ko ƙayar waya za ta iya jan kilo biyu a yadda bindigar take jingine. Ya ce da wuya.

Kafin rasuwar Dogo ya zo mana cin abincin rana tare da matarsa da 'yarsu, wadda kake kira Gimbiya. Bayan an kwashe kwanuka sai na kawo masa tambayarka. Bai yi dogon tunani ba. Ya ce in gaya wa Baba Ƙarami ya sayi mai baki biyu, mai kunama mai tauri, kada kuma ya bari kowa ya gyara masa ita, domin irin tasa ta masu gwaninta ce, ba ta mutumin da ke neman gilashinsa alhali yana bisa hancinsa ba. Ya ce kada in cire maganar gilashin idan zan rubuta maka, ga shi ban cire ba. Na tsokane shi na ce ashe sandar kaka tana da ranarta. Sai ya ce gaskiya shi ma ya fara gajiya da tasa, ta cika son a lallashe ta, idan an gama da karnukan nan yana tunanin ya ajiye ta ya koma wa tsohuwar. Maman Dogo ta ce tsufa ya kama shi tun bai yi furfura ba. Ya ce gado ya yi. Wannan ce amsarsa gare ka, na isar da ita yadda ya faɗa.

Tawa amsar kuwa, Auta, ban same ta ba. Masu ta'aziyya sun zo da ra'ayoyi iri-iri. Wata ƙanwar Maman Dogo ta ce ya kamata a tara duk bindigogin duniya a zuba a teku. Abokan kulob suka zo a jere da fararen kaya, suka zauna a gefe, ɗayansu ya matso ya ce mini a hankali ai ba laifin bindiga ba ne. Kafinta ya zo shi kaɗai, ya zauna a bakin ƙofa, bai karɓi ko ruwa ba har ya tafi. Na saurari kowa kamar ana ba ni labarin wata ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Na shafe rayuwata ina sauya ra'ayi kan wannan ƙarfe, kowane lokaci kuma ina da hujja, ina iya zama in kare ta har la'asar. Yanzu na laluba ban sami ra'ayi ko ɗaya ba. Ba na jin haushinta, ba na kuma sha'awarta. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a duk shekarun nan ban taɓa jin sabon shiga ya jawo bindiga ta baki ta kan shinge ba. Sai wanda ya tsallaka shingen nan har ya daina ganinsa. Idan ka saya, ka bi shawarar ɗanka. Ranar da ka ji kunamar ta fara yi maka tauri, ka bar ta yadda take.

Saura maganar da ke gabana yanzu. Matar Dogo tana gidan iyayenta tun ranar, ita da Gimbiya. Tana son komawa ɗakinta, yarinyar ma kullum tana tambayar gadonta da kekenta, ga makarantarta a can kusa da gidan. Amma a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin akwai kabad ɗin ƙarfe da Dogo ya kafe a bango, a ciki kuma akwai mai baki biyun da wata ƙarama ta gasa da kwalayen harsashi. Wadda ta yi ajalinsa tana hannun hukuma, na sa hannu a lalata ta. Surukata ta durƙusa ta ce mini, cikin ladabin da ka san ta da shi, ba za ta iya kwana a gidan ba muddin abubuwan nan suna ciki. Ba ta nemi komai a wurina ba sai wannan. A doka ba mai iya ɗaukarsu sai mai lasisi, a danginmu kuwa ni kaɗai na rage. Makulli na biyu ma yana wurina, domin mun yi musayar makullai ni da Dogo tun da ya tare a gidan.

Na je gidan. Na buɗe tagogi, na zubar da abin da ya lalace a firji, na gyara famfon bayi da ke ɗiga. Takalman aikinsa suna bakin ƙofar baya da busasshen taɓo a jiki, na goge su na jera. Sannan na shiga ƙaramin ɗakin. Yana ƙamshin man goge bindiga, irin wanda nake saya tun yana yaro, tsummansa yana rataye a ƙusa inda ya bar shi. Aikin ba shi da wuya: a buɗe, a ɗauko kowace, a duba ko babu harsashi, a sa a jaka, a kai ofishin 'yan sanda. Na dai tsaya da makullin a hannu har aka kira sallah, sai na rufe tagogin na dawo gida. Na sake komawa wani makon, na share tsakar gida. Lauya ta ce za ta raka ni, Kafinta ma ya aiko cewa zai zo ya yi idan na sa hannu a takarda. Na gode musu. Ni na kai mai baki biyun nan gidan, ni ya kamata in fito da ita.

Ka gaishe mini da Malama, ka ce mata saƙonta ya iso, Maman Dogo ta sa an karanta mata har ƙarshe. Ka gaishe da tagwaye da babbar yayarsu, Allah ya yi musu albarka. Maman Dogo da Lauya suna gaishe ku, haka ma Gwaggo, wadda take tare da mu tun ranar jana'iza. Kada ka tayar da hankalinka kan maganar zuwa, addu'arka tana isowa.

Ban buɗe kabad ɗin ba. Surukata da Gimbiya ba su koma gida ba. Makullin yana aljihun rigata, na kuma ce wa surukata sai ranar Asabar.

Allah ya jiƙan Dogo, ya tsare mana ku.

Ni ne yayanka,
Baban Dogo