Rokata Ta Tafi Kano

Al Muraqqabat, Dubai
22 ga Nuwamba, 2019

Zuwa ga Yaya Mariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ya ƙarfin jiki, ƙafar ta daina kumbura? Mu ma nan lafiya lau, Umma da Baba suna gaishe ki.

Wata baƙuwar Baba ce za ta kawo miki takardar nan. Kin san ni da waya, da na ji muryarki sai maganar ta gudu.

Yaya, na gama rokata. Tsawonta ya kai kafaɗata. Wata uku ina haɗa ta a kulob ɗin kimiyya na makarantarmu, na yanka fukafukanta da kaina, na goge su da samfefa har yatsuna suka yi fari. Ranar 14 ga Disamba za a kai mu cikin sahara mu harba. Ƙa'idar ita ce, wadda rokarta ta tashi ta sauko da laima ba ta karye ba, ita za a ba takardar shaida ta wuce ajin manyan injina. Wadda ta zo hannu biyu, ba roka, sai dai kallo, kuma an cire ta ke nan. Ni kaɗai ce Bahaushiya a kulob ɗin, kuma ina son takardar nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Baba bai so ba. Ya ce ɗan Najeriya da roka a ƙasar mutane, sunan kaɗai ya isa a soke mana biza. Na nuna masa cewa injin yana hannun malaminmu, ba a ba mu sai a fili, kuma da izinin hukuma. Kawu Sabo kuwa, kullum ya dawo daga ofishinsa na kago, inda yake aika kayan mutane gida ta jirgi, sai ya ce ga Hajiyar Sararin Samaniya, in na isa can in tambayar masa nawa suke auna kilo. Amma zan harba ta.

An rufe ɗakin gwajinmu za a yi gyara, don haka na kawo ta gida. Ɗakinmu ba wuri, sai na naɗe ta da kwali na jingine ta a bayan ƙofar falo.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Ummulkhair

29 ga Nuwamba, 2019

Yaya Mariya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Mu lafiya, sai dai ni jiya ban iya cin abinci ba.

Cikin satin nan wani dogon kwali zai iso miki. Ba darduma ba ce. Rokata ce. Kada ki tsorata, babu inji a ciki, kwali ne da katako da fenti.

Kin san al'adar gidan nan: duk abin da aka ɗaure da salatif ruwan ɗorawa aka ajiye bayan ƙofa ranar Alhamis, saƙon gida ne, ba a tambayar mai shi. Ni kuwa salatif ɗin Kawu na ara. Ina makaranta ya zo ya kwashe kaya, ya ga dogon abu ba suna, ya ce darduma ce Umma ta saya miki, ya rubuta sunanki ya sa a jirgi. Ko ya dawo da ita, ba za ta iso kafin ranar ba.

Umma ta ce in yi haƙuri, Allah bai nufa ba. Baba ya ce khalas, shi ke nan an huta, har na ga fuskarsa ta saki. Kawu ya ba ni haƙuri, amma bai iya riƙe dariya ba, wai kukan me nake yi, rokata ta riga ta kowa tashi, har ta tsallake Bahar Maliya. Malaminmu ya ce zai bari in tsaya kusa da wata ɗaliba in danna mata maɓalli. Na gode masa, na ce ba na so. Ban yi wata uku don in danna wa wata ba.

Kwana goma sha biyar suka rage, kuma duk awon yana cikin littafina. Bututun jikin roka da makaranta ta ba mu ya ƙare, don haka yau bayan la'asar na hau jirgin ƙasa na metro na je shagunan yadi na Deira ni kaɗai. Na tsaya a ƙofar wani shago kusan minti goma kafin na shiga. Sau uku na maimaita kafin mai shagon ya ji ni. Ya ba ni bututun kwali biyu, irin wanda ake naɗe shadda a kai.

Kowa a gidan nan ya gama da maganar, ban da ni.

Taki,
Ummulkhair

15 ga Disamba, 2019

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, Allah ya sauke ki lafiya. Muna nan ƙalau.

A baranda na haɗa ta biyu. Na naɗa wa bututun ƙyalle na shafe da gam har sau biyu, na ɗinka laimar saukowa da yadin tsohuwar lemar Umma. Ban samu lokacin fenti ba. Baba bai hana ni ba, bai kuma leƙo ko sau ɗaya ba. Jiya da safe dai na fito na tarar ya tayar da mota.

A filin akwai mai duba rokoki kafin a harba. Ya juya tawa, ya ga tambarin kamfanin shadda a jiki, ya ce wannan kwalin yadi ne, zai lanƙwashe a sama, ba zai bari ba. 'Yan ajinmu suna ta murmushi. Yaya, ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce masa na rataya mata buhun shinkafa mai kilo goma a tsakiya ba ta motsa ba, in bai yarda ba ya gwada da hannunsa, in ta lanƙwashe zan koma gida. Ya kama ta ya danna a gwiwarsa. Ya sake dannawa. Sai ya sa ni ta ƙarshe, ya ce kowa ya ƙara ja da baya.

Na ƙirga daga biyar na danna. Ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Ta miƙe sak har ta ɓace mini, sai ga baƙar lemar Umma ta buɗe can sama. Mita ɗari shida da goma sha biyu. Wasu sun fi ni nisa. Na bi ta na haye tudun yashi uku, na same ta kwance, ko fiffike ɗaya bai tsage ba. An ba ni takardata.

A mota Baba ya ce madalla, an yi an gama, yanzu sai karatu. Na ce masa cikin ladabi ba a gama ba, ajin manyan injina zai fara a Janairu kuma na ba da sunana, sa hannunsa kawai ake jira. Da muka iso gida na fito masa da fom ɗin da zai sa wa hannu.

Fom ɗin yana kan teburin da yake cin abinci, da biro a kai. Ya ci tuwo a gefensa jiya, ya sha shayi a gefensa yau. Bai sa hannu ba. Ni ma ban ɗauke ba, kuma ba zan ɗauke ba.

Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ummulkhair