Warin Fetur a Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare mana kai a inda kake, ya sa aikin da ya hana mu ganin fuskarka ya zama alheri. Mu nan kowa lafiya sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana hawa matattakala ba tare da ta yi wa wanda ya gina ta faɗa ba. Maigidana yana nan yana fama da aiki, yara suna zuwa makaranta, ni kuma ina kan kekena, ɗinki ya yi mini yawa har ina ba masu kawowa haƙuri. Baba ma lafiyarsa ƙalau, kuma a kansa ne na zauna rubuta maka wannan. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, da ka ji rabi sai ka yanke hukunci.

Ka tuna ranar da na kira ka na ce mun ga fetur yana ɗiga a ƙarƙashin motar Baba. Ka ce a karɓe makulli nan take a nemi mai saye, tsohuwar mota ba za ta ƙone mana iyaye ba. Ban yi maka musu ba. Na karɓi makullin na jefa a durowar keken ɗinkina. Yanzu ina so ka ji abin da ya biyo baya, sannan in roƙe ka ka janye maganar sayarwar.

Ka san halin gidanmu. Tun muna yara Mama take cewa motar nan tana wari. Ko an wanke ta tas, ko yanzu aka gama mata gyara, da ta zauna sai ta toshe hanci ta ce fetur. Mu kuma sai dariya, don mun san da hanci Baba ya ci abinci duk shekarun da ya yi a gareji. Mota za ta shigo, kafin mai ita ya buɗe baki Baba ya ce birki ne ya ƙone, ko waya ce ke narkewa a wani wuri. Shi ya sa tsofaffin abokan aikinsa suke kiransa Mai Hanci har gobe. To da Mama ta dawo da ƙorafinta a 'yan watannin nan, babu wanda ya ɗaga kai. Baba ya ce babu wari, mu kuma muka ce shi ke nan, Mama ce da halinta. Baiwar Allah ta yi ta faɗa har ta gaji ta ja bakinta. Sai ranar da na shiga motar za su rage mini hanya zuwa shago, ban kai ga rufe ƙofa ba idona ya fara ruwa. Na dubi Baba, yana ta gyara madubi hankalinsa kwance. Na sa ya kashe ta muka leƙa ƙasa, sai ga mai yana bin jikin ƙarfe yana sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ya miƙo makullin ba gardama. Kai ka san Baba, mutumin da zai iya wuni yana musu da kai a kan ko an yi ruwa jiya. Ya koma zama a kujera kusa da motar, da tsumma a hannu, yana goge inda ya riga ya goge. Ya daina tsokanar jikoki, abinci ma sai an matsa. Mama ta ce da safe yakan shirya tsaf kamar mai fita, ya kai bakin ƙofa, sai ya tuna ya dawo ya cire takalmi. Na kasa jurewa. Na ce masa ko sayar da ita za a yi, ai ba ma sayar wa bayin Allah mota mai yoyo ba, mu gyara tukuna. Dabara ce kawai na yi don ya tashi daga kujerar nan. Sai ya ce a nemo masa sabon bututun ƙarfe, da tiyon roba irin na fetur ba na ruwa ba, da sababbin kilif na ɗaure tiyon, da matatar mai.

Ranar hutu muka taru da safe. Kafin a taɓa komai ya sa muka turo motar fili inda iska ke kaɗawa, ya cire kan batir, ya hana Mama kunna murhu sai an gama, sannan aka zuƙe man tanki aka juye a jarka. Gwiwoyinsa ba sa bari ya shiga ƙarƙashin mota yanzu, don haka maigidana ne ya kwanta a kan kwali, shi da abin da ya sani a mota bai wuce sitiyari ba. Baba ya zauna a 'yar kujera yana ba da umarni. Dogon bututun da ya taso daga tanki zuwa inji tsatsa ta cinye shi, wani wurin da farce ma za ka huda. Baba ya ce a fito da shi a hankali kada a lanƙwasa, domin shi ne samfurin sabon. Na ce ai wannan aikina ne, haka nake yi in an kawo mini tsohuwar riga an ce a ɗinka irinta. Muka shimfiɗa su biyun a ƙasa, na auna da tef ɗina, na sa alli a duk inda kwana take. Baba ya riƙa lanƙwasa sabon a jikin wani gwangwanin fenti, kaɗan-kaɗan, don kada ya tsuke ya hana mai wucewa. In ya gama kwana sai ya hura ta bakin nan, ni kuma in tara tafin hannu a wancan in ji ko iska na fita sosai. Har ya fara yi mana faɗa, ya ce awona ya karkace, ya ce surukinsa yana riƙe sufana kamar cokali. Wallahi daɗin faɗan nan na ji.

Ana cikin haka aka zo kan ɗan guntun tiyon da ke bakin tanki. Maigidana yana ja sai ya farfashe masa a hannu kamar busasshen burodi, ragowar man ya kwararo masa a hannun riga. Ya fito yana tari, ni na ja da baya, Mama da ke tsaye a bakin ƙofa ta toshe hanci. Baba ya ce a miƙo masa guntun. Ya kai shi hanci ya daɗe. Ya juya ɗaya bakin ya sake shaƙa. Sannan ya ajiye shi a gwiwa, bai dubi kowa ba, ya ce shi ba ya jin komai. Ya ce tun murar nan mai tsanani da ta kwantar da shi bara hancinsa bai dawo ba. Ya yi ta jira yana cewa gobe zai buɗe, kuma kunya ta hana shi faɗa. In Mama ta yi ƙorafi yakan shaƙa da gaske, ya ji babu komai, sai ya ce babu, don bai saba ƙaryata hancinsa ba. Ya ce ashe a kan wuta ya yi ta yawo da matarsa da jikokinsa. Yaya, ban taɓa jin tausayin Baba kamar lokacin ba.

Mama ta juya ta shige gida. Na bi ta na same ta a kicin tana share hawaye. Ta ce kullum in ya shigo sai ya ce ƙanshin girkinta ne ya jawo shi tun daga bakin titi, ita kuma tana ta jin daɗi. Ta ce ba fushi take yi ba, abin da ke ci mata rai shi ne suna ɗaki ɗaya yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Na tsaya kusa da ita har ta wanke fuska.

Muka koma muka ƙarasa aikin. Aka ɗaura sabon bututu, Baba ya yanka tiyo da wuƙa mai kaifi, kowane guntu bakinsa a miƙe, aka ɗaure da kilif, aka sa matatar. Muka wanke ƙasa da omo, maigidana ya sake riga, aka jira wuri ya sha iska, sannan aka mayar da mai da kan batir. Na kawo makulli don a gwada. Na ce bari in shafa allina a kowace mahaɗa, in akwai danshi zai nuna. Baba ya ce dabara ce mai kyau in shafa, amma alli ba ya nuna sai abin da ya riga ya zubo, wari kuwa yana riga ɗigo fitowa. Sai ya ce in kira masa Mama.

Ta fito tana cewa ita me ya haɗa ta da ƙarafa. A gabanmu Baba ya roƙe ta, da murya ƙasa-ƙasa, ya ce ta ara masa hancinta. Aka tayar da motar. Ya riƙe hannunta ya bi da ita wuri-wuri, daga bakin tanki zuwa matata, zuwa famfon mai, yana nuna mata inda za ta sunkuya da inda za ta kiyaye mayafinta. Ya koya mata bambancin warin tsohon inji, wanda ba ya rabuwa da kowace mota, da na ɗanyen fetur mai yaji a hanci. Da suka zo inda tiyo ya shiga kafireto a jikin inji sai ta tsaya ta ce nan. Na duba allin, a bushe yake. Ni da maigidana muka dubi juna muna jiran musu ya tashi. Baba bai yi musu ba. Ya kashe motar, ya ɗauki sukundireba, ya taɓa kilif ɗin, ashe bai zauna daidai ba. Ya gyara ya ƙara ɗaurewa, aka sake tayarwa. Mama ta sunkuya ta shaƙa sau da yawa, sannan ta miƙe ta ce yanzu babu. Na tabbata shekara da shekaru tana jiran ranar da za ta ce masa ai na gaya maka, amma ba ta faɗa ba.

Da aka rufe bonet, Baba ya zare makullin ya miƙo mini, don ya san umarninka ne. Ni kuwa na mayar da hannuwana baya na ƙi karɓa, in laifi ne ka yafe mini. Sai ya juya ya danƙa wa Mama. Ya ce daga yau motar nan ba ta tashi sai ta zagaye ta ta ce a tashi, kuma ba ya zuwa ko'ina sai tana gefensa. Haka suke yi yanzu. Kowace safiya za ka ga Mama ta fito da makulli a jaka, ya buɗe mata bonet, ta bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya fuska a murtuke kamar mai duba jarrabawa, shi kuma yana tsaye hannu a baya yana jiran sakamako. Mun sa musu abin kashe gobara a ƙarƙashin kujera, maigidana kuma yana leƙa ƙasan motar duk ƙarshen mako.

Na san tsoronka daga ƙauna ya fito, kuma nisa yana ƙara wa abu girma. Motar tsohuwa ce, ban musa ba. Amma hanyar mai sabuwa ce fil daga tanki har inji, da hannuna na auna ta. Mama, wadda ta fi kowa son a rabu da motar nan, ita ce ta zaunar da ni ta ce in rubuta maka kada a sayar. Ta ce tun da aka yi aurensu shi ke yi mata komai, bai taɓa buɗe baki ya ce ta taimake shi ba sai ranar nan, kuma ba ta shirya ajiye aikin ba. Baba dai ya ce magana tana hannunka, in ka ce a sayar ba zai ja ba. Shi ya sa nake roƙonka, don na ga yadda yake zama in ba ya ja.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata rigarta tana nan na kusa gamawa. Ka shafa mini kan yara, musamman autarku mai surutu. Maigidana yana gaishe ka, yaran nan suna gaida Kawunsu, Mama tana sa maka albarka. Baba ma yana gaishe ka. Ya ce in gaya maka kada ka ji nauyin karɓe masa makulli da ka sa aka yi, ka yi abin da ɗa na gari zai yi. Ya ce da ya ji warin nan ko sau ɗaya, da shi da kansa zai kawo makullin tun kafin ka tambaya.

Muna jiran amsarka. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai ɗinki