Ba Ciki Kika Zubar Ba, Umma

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Umma. Gaisuwa da ladabi daga 'yarki Hadiza, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Na gama karatun likita, na fara aiki. Albishir na so in kawo miki, amma da fushi na zauna rubutun nan.

Makon jiya aka kawo mana wata mata daga ƙauyen bayan Kufena. Jini, ruwa mai wari, fitsari da ƙyar, ga wani nama ya leƙo ta gabanta. Babban likitanmu ya danna mararta, bai ji kan mahaifa a inda ya kamata ba. Hoto ya nuna saman ya lotsa. Ƙari ne ya tsiro a can, nauyinsa ya jawo mahaifar ƙasa har ta juye, kamar aljihun da aka zazzago. Ba kasafai ake ganin haka ba, amma ana gani, kuma ba sai an haihu ba. Aka ƙara mata jini, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka cire ƙarin da mahaifar, aka tura naman gwaji. Jiya ta tafi gida da ƙafarta.

Ina tsaye a ɗakin tiyata ina tuno alamominki ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa yi miki hoto ba, saboda haka ba zan rantse ba. Amma ko ɗaya ba ta saɓa da nata ba.

Kin tuna ranar da na raka ki ƙaramin asibitin nan? Labule ne kawai tsakaninmu da matan unguwa. Ma'aikaciyar ta duba ki, ta ce da ƙarfi mahaifa ce ta juye, wai yaushe kika haihu, ko kuwa zubarwa kika yi. Alhali a lokacin shekara shida ke nan da rasuwar Baba. Kika ɗaura zaninki, muka kama hanyar gida ta Ƙofar Kuyambana.

Maganar ta riga mu isa gida. Kika daina zuwa islamiyya. Aka koma zama cikin ruwan bagaruwa, ni ke tafasa miki. Duk sanda na ce mu je babban asibiti, sai ki ce, "Ciwo yana warkewa, Hadiza, bakin mutane ba ya warkewa."

Bai warke ba, Umma. Jini ne ya ƙare miki.

Ina fushi da ma'aikaciyar nan da ta san rabin abu ta yanke hukunci da shi. Ina fushi da waɗanda suka yaɗa, suka kuma zo zaman makoki suna jan carbi. Har ke ma nakan yi fushi da ke, sai na tuna yadda kike wanke zannuwanki da kanki don kada in gani.

Yanzu ƙanwarki, Inna Asabe, wata uku ke nan tana shanya tsummoki a ƙuryar ɗaki. Ta ce wai sanyi ne. Ban san abin da ke damunta ba, kuma ba zan yi hasashe ba. Gobe da safe zan kai ta a duba ta, ko da tana zagina a hanya. Ni zan rufe ƙofar ɗakin dubawa da hannuna kafin kowa ya yi mata tambaya.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyar nan ta zame miki kaffara, Ya wanke sunanki a bakin da ya ɓata shi.

Taki har kullum,
Hadiza