Ƙahon da na yi wa Ruhaina

Litinin, 2 ga Oktoba 2023
Ruhaina, autata, ba ta je makaranta ba. Ciwon baya da zazzaɓi. Uwarta Abibatu ta ce asibiti. Na ce shekara talatin ina wanzanci a unguwar Nima, a gidana ne za a koya mini ciwon baya? Na kafa mata ƙaho biyu. Jini baƙi ya fito, na nuna wa uwar.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Zazzaɓi bai sauka ba. Na ƙara ƙaho ɗaya.

Asabar, 7 ga Oktoba
Ta tashi da safe, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta, fitsari ya ƙi fita. Abibatu ba ta ko dube ni ba, ta goya ta kamar jaririya, shekara takwas fa. Na bi su da takalma a hannu har mahaɗar Kawukudi, muka tare tasi zuwa asibiti.

Lahadi, 8 ga Oktoba
An sa ta cikin injin hoto mai ƙara. Likita ta ce mugunya ce ta taru cikin ƙashin baya, tana danne lakar da ke kai saƙo ga ƙafafu. Sai tiyata, yau. Ta ga tsagar ƙahon a bayan yarinyar, ta ce, "Waye ya yi wannan?" Na ce ni. Na tambaya ko askata ce ta jawo. Ta ce ba za ta iya sani ba, ciwon ya riga ƙahon. Kwana biyar ɗin da aka zauna ne ya dame ta. Na ce, yarinyar za ta yi tafiya? Ta ce mu jira.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Maganin kashe ƙwayar cuta ta jijiya, sati shida. Babban yatsan ƙafar hagu ya motsa. Abibatu ta yi kuka. Ni na je sallah.

Talata, 21 ga Nuwamba
An sallame mu. Braimah mahauci ya zo neman ƙaho. Na ce ƙahonina sun tsage. Ba su tsage ba.

Asabar, 2 ga Disamba
Ina yi wa Braimah aski a ƙofar gida, Ruhaina ta fito dafe da bango. "Baba, duba ni!" Ta saki bangon. Taku huɗu, na ƙirga. Na yanki Braimah a kunne. Ban taɓa yankan mutum a aski ba. Ya ce, "Malam, yau kuma lafiya?" Na ce tsufa ne.