Sun Sayar da Musbahu

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Sun sayar da Musbahu. Alhaji Salisu, shugaban ƙungiyarmu, shi ya faɗa bayan atisaye, kamar mai ba da labarin cinikin rago. Wata ƙungiya ce a Fatakwal ta saye shi. Ya ce tun da aka rufe sashe guda a masaƙar da ke ɗaukar nauyin ƙungiyarmu, kamfani ya janye hannu daga ƙwallo, in ba a sayar da mai ci mana ƙwallaye ba, babu alawus, babu kuɗin motar zuwa wasa. Kowa ya tafa. Ni ma na tafa. Tun zuwana masaƙar a Challawa ɗaki ɗaya muke da Musbahu a Panshekara.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na raka shi tasha. Ya ce, "Obadiya, kai ma za su zo nemanka." Ni da shi mun san babu mai sayen gola da furfura a gemu.

Asabar, 16 ga Agusta

Ɗakin ya yi mini girma. Na kira matata Lidiya a Kafanchan, tana kasuwa, ta ce in ta koma gida za ta kira. Ba ta kira ba. Hidimar yara ce, na sani.

Lahadi, 24 ga Agusta

Ashe ba alawus aka biya da kuɗin Musbahu ba. Sababbin 'yan wasa aka sayo, har da gola daga Maraɗi. Daga coci na wuce gidan Alhaji, ko takalmi ban sauya ba.

"Kasuwa ce, Obadiya," in ji shi. "A sayo matashi da araha, ya yi suna, a sayar da tsada. Da haka ƙungiya za ta rayu."

Na ce, "Ni fa, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Kai ai ɗan gida ne."

Na gane. 'Yan wasan da ake sakawa rabin yini suke yi a masaƙa. Ɗan gida kuwa sashen rini zai koma, safe zuwa yamma, hannu shuɗi.

Talata, 2 ga Satumba

Golan suka kawo mini ɗaki. Idrisu sunansa. Dogo, ba ya magana, jakarsa ɗaya. Ya ce, "Yaya, ina zan ajiye kaya?" Na nuna masa da baki. Ni za a kawo wa wanda ya zo karɓar ragata, in riƙa jin minsharinsa.

Asabar, 13 ga Satumba

Yau na fara zaman benci. An zura wa Idrisu uku. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Da muka dawo ya zauna a dakalin ƙofar gida, bai ci komai ba. Na ci tuwona na wanke kwano.

Lahadi, 28 ga Satumba

Saƙon murya daga Musbahu. Ba a saka shi ko sau ɗaya ba. Wai ba mai jin Hausa a sansaninsu, shi kaɗai yake cin abinci, ya juya wa bango fuska. "Da akwai wanda zai ce mini ko sannu," in ji shi, sai ya yi dariya ya sauya zance.

Ina saurara Idrisu na can kusurwa yana waya da mahaifiyarsa, murya ƙasa-ƙasa. Yana ce mata kowa na son sa a Kano. Da ya ajiye sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, Alhaji ya gaya masa in bai gyara ba za a mayar da shi. Kuɗin da aka saye shi ma tsohuwar ƙungiyarsa ta karɓa, shi ko ƙwandala bai gani ba.

Na kashe wayata na kwanta.

Laraba, 1 ga Oktoba

Idrisu yana saurin barin raga in an bugo kwana. Ba ruwana.

Asabar, 11 ga Oktoba

Wasa a Bompai. Ana dab da tashi aka ba abokan karawarmu fanareti. Mai bugawar na san shi tun da daɗewa, ido yake yi wa dama ya aika hagu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai dai na ji muryata ta cika fili: "Hagunka, Idrisu!"

Ya faɗa hagu. Ya riƙe ta.

Koci ya juyo ya dube ni, ya kau da kai. Shi ke nan, raga ta zama tasa. Jibi zan koma rini.

A adaidaita muna dawowa, da muka wuce Sharaɗa, sai Idrisu ya ce, "Yaya, gobe da safe za ka nuna mini tsayuwar kwana?"

Na ce gobe Lahadi, ina da coci.

Bayan coci dai ba ni da wurin zuwa.