Ƙarfen Bayan Gidan Malam Isyaku

Wudil, Yuli

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Mama, ta daina kumburi? Yara fa?

Kin ce ba ki gane aikina ba. To, a Dagumawa akwai gaɓar kogi mai zamewa, gidan wani dattijo, Malam Isyaku, na kanta. Mun kafa wani ƙarfe a bayan gidan. Tauraron ɗan'adam yana wucewa ya harbo masa sigina don auna inda yake tsaye, ni kuma a jami'a in ga ko ƙasar ta motsa. Yaya, duk ruwan da aka yi sai ta matsa wajen kogi! Kaɗan-kaɗan ne, amma ɗakin matarsa Hansai ne a baki-baki, ga ta da tsohon ciki. Na ce su tashi, ya ce in ƙasar ta ƙara motsi zai tashi. Abin yana cina.

Ƙanwarki,
Alheri

Wudil, Agusta

Yaya Ladi,

Ina fata kuna lafiya. Ki gaishe da Mama, amma kada ki karanta mata wannan.

Ƙarfen nan ya daina motsi, duk ruwan da ake zabgawa. Murna ta sa na aika wa Malam Isyaku cewa ya kwantar da hankalinsa. Jiya na je ganin jaririyar Hansai, ban tarar da ƙarfe a wurinsa ba. Ashe 'yan jari bola ne suka fara zagaye, shi kuma ya ce kayan baƙuwa amana ne, ya tuge shi ya kafa a tsakar gidansa, inda ƙasa take da ƙarfi. Wayyo ni! Yana ba ni labari yana jiran in yi godiya. Na yi godiyar.

Na leƙa bayan ɗakin Hansai. Ƙasa ta tsage, hannuna ya shige har gwiwa.

Na yi magiya har da kuka. Ya yarda za su koma Kausani wurin ƙaninsa Halliru, amma sai an yi suna gobe, don an riga an raba goro, kuma mai jego ba ta barin ɗakinta. Mata za su cika ɗakin nan maƙil, Yaya, kuma da bakina na ce su zauna.

Yanzu haka hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ki tara yara ku durƙusa. Ni 'yar manomi, yau ga ni ina roƙon Allah ya hana ruwa.

Taki,
Alheri