Kaskon Uwata da Watan Janairu a Berlin

Zuwa ga Hajiya Turai,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da za a daɗe ana labarinsa a Dukawuya. Ɗan da na haifa da cikina ya ɗauke fasfo ɗina ya kulle a durowar ofishinsa, ga shi saura mako shida 'yata ta haihu a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da gwaggo. Ban sakaya sunan kowa a wasiƙar nan ba, nawa kawai na ɓoye. In sun karanta su san da su nake.

Shekarata sittin da uku. Malamar firamare ce ni, na yi ritaya, maigidana ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. 'Ya'yana huɗu. Babban shi ne Mailafiya, haka muke kiransa don ɗan fari ne ba na faɗin sunansa, kuma shi ne mai riƙe fasfon. Auta ita ce Bahijja, tana Berlin, babban birnin Jamus, da mijinta Mikail da ke aikin injiniya a can. Shekara tara da aure, ɓari biyu, sai yanzu Allah ya tsayar da wannan cikin. Likita ya ce tsakiyar Janairu.

Kada ki ɗauka ƙauyanci ke damuna. Sau uku na je Berlin, kowane zuwa a wata daban, kuma kowane zuwa kamar wani gari na tarar.

Na farko watan Yuni ne, ya faɗa a azumi. Babu wanda ya gaya mini cewa rana a can ba ta da niyyar faɗuwa. Ranar farko ƙarfe bakwai na jera dabino da kunu na zauna, sai ga rana tsaye tana kallona. Takwas ta yi, tara ta yi, sai wajen tara da rabi muka sha ruwa. Awa goma sha takwas da ɗoriya kullum, Hajiya, kuma ban sha ko ɗaya ba. Mikail, ƙato da shi, shi ne ke kwanciya bayan la'asar yana nishi, ni ina kicin ina dama kunun tsamiya. Wai wannan matar ce yau ake cewa ba za ta iya da Berlin ba.

Na biyu Afrilu ne, bayan ɓarin Bahijja na biyu. Wancan karon ma haka aka yi mini, aka ce in dakata sanyi ya wuce, na bi maganarsu. Na sauka na tarar da gari ya yi kyau har da ban haushi, itatuwa sun fitar da fure fari da ja-ja, mutane sun bazu a kan ciyawa kamar ranar yawon salla. Ita kuwa 'yata tana ɗaki ta saki labule, ta rame, mako biyar ke nan tana wanka ita kaɗai, tana kuka ita kaɗai, miji yana wurin aiki. Ni na riƙa jan ta kullum da hantsi muna zagaya bakin ruwa har ta fara cin abinci. A zuwan nan na koyi jirgin ƙasan cikin gari, har kasuwar Turkawa nake zuwa ni kaɗai in sayo nama da kuɓewa, da nunin yatsa muke ciniki. Amma na rantse a raina ba zan ƙara zuwa a makare ba.

Na uku shi ne ya jawo mini wannan wulaƙancin, kuma zan faɗa miki yadda aka yi ba ragi. Disamba ne, shekara biyu da suka wuce. Azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu ake yin su, ƙarfe huɗu gari ya yi duhu. Sanyin kuwa har cikin ɓargo. Suna da wani ƙarfe a jikin bango mai ɗumama ɗaki, amma busar mini da maƙogwaro yake yi, in yi ta tari. To, na tafi da kaskon turaren uwata, na ƙasa ne, ya girme ni, da shi aka yi jegona, da shi na yi na 'ya'yana. Wata rana duk sun fita aiki, na ga buhun gawayi a baranda, wanda Mikail ke gasa nama da shi lokacin zafi. Na hura a waje sai da ya yi jajir, na shigo da shi ɗaki, na rufe ƙofa da taga, na zuba turare. Akwai wani abu a jikin silin mai ihu in ya ji hayaƙi, tun zuwana na farko ya taɓa kunyata ni a gaban maƙwabta, don haka na hau kujera na ɗaure shi da leda. Na zauna da carbina, ɗumi ya ratsa ni, ƙamshin gida ya cika ɗaki. Sai kaina ya fara sarawa. Abin da na sani ke nan, sai farkawa na yi a asibiti da roba a hanci. Ashe Bahijja ta dawo da wuri ran nan, ita ta same ni a ƙasa.

Kwana biyu na yi aka sallame ni garau. Likitan ya yi dogon bayani Mikail yana fassarawa, ni dai abin da na fahimta shi ne gawayinsu na kanti ba shi da kyau, wa ya san maganin da suke zuba masa. Fiye da shekara hamsin ina zama da kasko a ɗaki lokacin sanyi a cikin birnin Kano, ko ciwon kai bai taɓa sa ni ba.

Tun daga nan aka sa mini ido. Da biza ta fito makon jiya, fasfon ya biyo ta hannun Mailafiya, da yake shi ya yi zirga-zirgar. Maimakon ya kawo mini, sai ya zo da yayana Alhaji Mamman na Goron Dutse, suka zauna a falona suka yanke hukunci kamar ba na wurin, wai in bari sai Mayu in gari ya yi ɗumi. Mayu, Hajiya. Jariri ya yi wata huɗu, an yi suna, an yi arba'in, in je in yi me, in ɗauki hoto? Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Tunda Bahijja ba za ta iya zuwa gida ba, dole gida ya je wurinta. Matar shi Mailafiyan ma ni na yi mata wankan jego, kwana arba'in safe da yamma, har haihuwa uku, lokacin bai ce na tsufa ba. Wallahi raina ya ɓaci, na kwana biyu ban amsa gaisuwarsa ba.

Bahijja tana kuka a waya tana cewa in zo. Abu ɗaya ne ban gane ba, duk sanda na fara lissafa mata kayan da na haɗa, in na zo kan kasko sai ta yi shiru, ta canza magana. Na bar shi a laulayin ciki.

Akwatina a ɗaure yake. Na busar da ganyen darbejiya na wanka, ga kanwa, ga gero, ga yajin jego, ga turare da na sayo a kasuwar Kurmi wurin mutumin da uwata ke saya a gidansu. Kasko na naɗe shi cikin zannuwa. Wannan karon kuma na yi dabara, ba ruwana da gawayin Turawa, na sa an samo mini na ƙirya, namu na gida mai kyau, don ɗakin mai jego da jariri ba ya zama da sanyi.

Ba tambayarki nake ko in tafi ba, tafiya zan yi ko sun so ko sun ƙi. Abin da nake so ki gaya mini shi ne, in je ofishinsa in shimfiɗa darduma a gaban abokan aikinsa har sai ya ba ni fasfona, ko in kai shi wurin mai unguwa? Ni duka biyun zan iya.

Uwar mai jego, Dukawuya.

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin zuciya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da inda kike da gaskiya, don yana da yawa.

Fasfo naki ne. Ba daidai ba ne ɗa ya kulle takardar uwarsa, ko da niyyarsa mai kyau ce, kuma ba daidai ba ne a yanke hukunci a kanki kina zaune. Maganar Mayu ma ban goyi bayanta ba. Kin taɓa jira, kin ga yadda kika tarar da 'yarki. Matar da ta yi azumin Yuni a can, ta koyi jirgi da kasuwa ita kaɗai, ba Janairu ne zai kayar da ita ba in ta yi shiri. Ki tafi, kuma ki tafi a kan lokaci.

Amma Hajiya, ba Disamba ne ya kwantar da ke a asibiti ba, ba kuma gawayin Turawa ba ne. Kowane garwashi, na kanti ko na ƙirya, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, turare ba ya kashe ta. A ɗakunanmu na cikin birni iska tana shiga ta ƙasan ƙofa da gefen taga, ana ɗaga labule ana shige da fice, shi ya sa kika tsira shekara hamsin. Ko a nan ma likitoci suna gargaɗi a kan kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Ɗakunan can kuwa an gina su ne don kada iska ta shiga ko ta fita. Gawayin ƙirya da kike alfahari da shi ya fi daɗewa yana ci, wato ya fi haɗari. Ke babba ce, kuma Allah ya dawo da Bahijja da wuri. Jaririn kwana uku ba shi da ƙirjin da zai jira wani ya dawo daga aiki.

Shirun da Bahijja ke yi a waya ba laulayi ba ne. Ita ta buɗe ƙofa ta ga uwarta a ƙasa. Yanzu tana ɗauke da cikin da ta jira shekara tara, tana son uwarta kusa, tana tsoron abin da ke cikin akwatin uwarta, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa miki ba. Shi ma Mailafiya, ya riga ya binne uba, sai aka kira shi daga wata nahiya aka ce uwarsa tana asibiti. Nauyinki yake ji, ba zai iya kallon idonki ya ce kin yi kuskure ba, sai ya ɗora wa watan Janairu laifi. Hanyarsa ce ba daidai ba, tsoronsa na gaskiya ne.

Don haka ki bar darduma a gida, ki bar mai unguwa ya huta. Ki aika wa Mailafiya ya zo shi kaɗai. Ki kwance akwatin a gabansa, ki ciro kaskon da gawayin ki sa masa a hannu, ki ce ya ajiye miki amana har ki dawo. Sannan ki miƙa hannu ki ce ya ba ki fasfonki. Ina kyautata zaton ba zai kwana da shi ba. In ya ƙi bayan wannan, to ba shi da sauran hujja, ki kira Alhaji Mamman ya ji, kuma ina bayanki.

Kafin tafiya ki ga likitanki ya duba ki. Ki sa Mikail ya tanadar miki babbar rigar sanyi da takalmin da ba ya santsi a ƙanƙara, ya kuma bincika abin da aka yarda a shiga da shi cikin kayan abincin nan. Ki ajiye kwanon ruwa kusa da ƙarfen ɗumin, yana rage bushewar maƙogwaro. In turare kike so, akwai kaskon lantarki, ki kunna a falo taga a buɗe, ba a ɗakin jariri ba. Abin silin ɗin nan kuma ki ƙyale shi ya yi ihunsa, kada leda ta ƙara taɓa shi. Zafin ruwan wanka da yawan kanwa, ku tambayi ungozomar da ke duba ta, kada ki ga raini a ciki.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki bari ya kai gobe. Ki kira Bahijja yau, ki gaya mata da bakinki cewa kasko ba ya cikin akwati. Ki saurara ki ji ko za ta yi shiru. Kaskon uwarki zai jira a Dukawuya, ranar da aka kawo miki jikanki gida ki hura shi a tsakar gida, iska na kaɗawa, ki turara zanin goyonsa.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauki Bahijja lafiya, ya sa ki ji kukan jaririn nan da kunnenki a watan Janairu.

Hajiya Turai